Tsutsotsin Kamil a Cikin Sif Ɗina

Jama'a, duk wanda ke cin abinci ya rufe kwanonsa tukuna, don labarin yau ba ya tafiya da loma. Tun farko na yi muku alkawarin ba zan ɓoye komai ba, ko da abin zai zubar min da aji. To, yau ajin zai zube.

Ga waɗanda yau ne farkon shigowarsu, sunana Muhibba, autar Malam Isiyaku direba da Hajiya Rabi. A nan Riyad aka haife ni, a unguwar Al-Oud, gidanmu hawa na biyu ne a saman wata baƙala, wato ƙaramin kantin kayan masarufi. Shekarata ashirin da huɗu, sana'ata zanen lalle, gida-gida nake bi ina yi wa amare. Baba ya ce kafin azumi yana son in fito da miji, Umma kuwa tuni ta fito min da nata: Fu'ad, ɗan ƙawarta Hajiya Yagana, ma'aikacin ofishin jakadancinmu, mai farar mota da turaren da ke riga shi hawa bene. Ba shi da aibu, wallahi. Ni ce dai zuciyata take wajen Kamil. Shi kuwa Kamil, sana'arsa kiwon tsutsa.

E, tsutsa. Ba kuskuren rubutu ba ne.

A garin nan akwai 'ya'yan masu hali da ke ajiye ƙadangare a akwatin gilashi cikin ɗakin kwanansu. Wani nasa mai gemu ne, wani hawainiya, wasu har da tsaka mai ɗigo-ɗigo. Suna raɗa musu suna, suna kai su asibiti. Halittun nan kuwa ba ruwansu da shinkafa, sai tsutsa mai rai. Kamil yana aiki a wani shagon tsuntsaye da kifaye, a ɗakinsa na unguwar Batha kuma yana kiwon wata tsutsa mai tsawon ɗan yatsa, ruwan ƙasa, mai sheƙi, a cikin dusar alkama. A ƙofar wani gida muka haɗu. Na fito daga yi wa amarya lalle ina jiran mota, shi kuma ya kawo wa ƙadangaren gidan abinci, sai ya ji ina zazzaga masifa a waya da Hausa. Ya ce, "Baiwar Allah, a yi haƙuri, ko ma wane ne ya tuba." Wata biyar ke nan.

Yanzu ku gaya min, ta ina zan fara yi wa Umma wannan bayanin? Matar da in ta ga tsaka a bango sai ta bar girki a wuta ta bi ta da silifa har ta ga bayanta? Matar da ko baƙala za ta sauka sai da awarwaronta na zinare? Da ta tambaye ni sana'arsa, na ce yana harkar abincin dabbobi. Ita da kanta ta ƙarasa sauran a ranta, ta hango buhuna da raƙuma da dawakai, ta taɓe baki ta ce ba laifi, amma dai ba ofis ba ne. Na bar ta a haka. Shi kuma da ya tambaye ni ko su Umma sun san ainihin abin da yake yi, na ce na gaya musu tas, har Umma ta ce duk abin da mutum zai ci halal da shi abin girmamawa ne. Ranar har muryarsa rawa ta yi don daɗi. Ya ce, "Allah ya saka wa Umma da Aljanna." Na ce amin, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Makon jiya sanyin Riyad ya sauko da gaske, irin wanda tayil ke cizon ƙafa ko da safa biyu. Ranar Laraba bayan Azahar ina duƙunƙune cikin bargo saƙon Kamil ya shigo.

"Ranki ya daɗe, ina cikin matsala."

"Subhanallah, me ya faru?"

"Za a yanke wutar gininmu kwana uku, gyara za a yi. Ga shi kafil, uban gidana na aiki, ya ce yau zan bi mota garin Dammam ɗauko kaya, sai Asabar. In na bar su babu ɗumi, kafin in dawo babu ko ɗaya."

"Abokanka fa?"

"Gini ɗaya muke. Guda ɗaya da ke waje ya ce matarsa za ta bar masa gidan."

Ina cikin dariya wani saƙon ya biyo baya, dariyar ta tsaya cak.

"Iri ne, Muhibba. Shekara biyu ina tara shi. Tunda Umma ta san komai, ki roƙar min ita wuri kaɗan kusa da soket."

Na karanta ya fi sau biyar. In ce a'a, ya tambayi dalili. In ce e, in shigo da tsutsa gidan Hajiya Rabi. Na rufe ido na rubuta, "Tayyib, ba komai, kawo."

Allah ya taimake ni, bayan La'asar Umma ta tafi barkar haihuwa unguwar Dira, Baba yana wajen aiki. Na zura baƙar abayata mai duwatsu a hannu, na yafa mayafi ruwan toka, har kwalli na saka, wai don tarar tsutsa. Na same shi a ƙasa yana rawar sanyi cikin riga ɗaya, don jaket ɗinsa ya cire ya lulluɓe kayan da ita. Robobi uku ne masu murfi an huhhuda su, sai tire cike da ƙananan kofuna irin na zuba yaji, da ledar dusa, da karas, da wata baƙar shimfiɗa kamar faifai mai waya a jiki.

Ya ce, "Wannan shimfiɗar ita ce ransu, kar ta rabu da wuta. In kin ɗora hannu kika ji ɗumi kaɗan, kamar wurin da mutum ya tashi daga zama, daidai ne. Karas yanka biyu kullum, shi ne ruwansu. Hayaki kuwa, na turare ko na maganin sauro, kar ya kusance su."

"Waɗannan kofunan fa?"

"Ɗalibaina ne 'yan ajin ƙarshe." Ya yi murmushi. "Tsutsar nan muddin tana cikin 'yan uwanta ba ta rikiɗa. Sai an ware ta ita kaɗai cikin duhu, ta naɗe, ta daina ci, ta zama wani abu dabam. Daga nan ƙwaro ke fitowa, shi ke yin ƙwai."

Ya buɗe min roba ɗaya. Na ja baya har na bugi ƙofar baƙala. Dusar tana motsi ita kaɗai, ga wani sauti mai laushi yana tashi kamar yayyafi a kan kwano. Shi kuwa kallonsu yake da irin idon da ban taɓa ganin Fu'ad ya kalli komai da shi ba, har motarsa.

"In hau in gaishe da Umma in yi godiya?"

"Ba ta nan!" Da saurin da na faɗa har sai da ya dube ni.

"To, ki ce mata ɗanta ya gode. Amana ce, Muhibba."

Sawu uku na yi. Na jera su a ƙasan sif ɗin kayana, can baya, na saki dogayen abayoyi suka rufe su, na ja wayar ta ƙarƙashin ƙofar sif ɗin zuwa soket ɗin bayan gado. Na wanke hannu da sabulu sau huɗu, duk da ban taɓa ko ɗaya ba.

Abin da na manta shi ne halin Umma. Tun shekarar da dafaya, wato abin ɗumama ɗaki, ta kama da wuta a gidan maƙwabtanmu, Umma ba ta ganin waya a soket ta wuce. Ko firij ma don ba yadda za ta yi ne. Ranar Alhamis tun hantsi na tafi lallen wata amarya mai ƙawaye goma sha ɗaya, na dawo bayana kamar zai ɓalle, ko karas ɗin ban saka musu ba na faɗa gado. Ban san tun fitata Umma ta shigo ta zare abin da ta ɗauka caja ce ba.

Ranar Juma'a kuwa a gidanmu ranar turara kaya ce. Umma takan bi sif-sif da kasko, ta ɗan buɗe ƙofa, ta tura shi ƙasa ba tare da ta ko leƙa ba, ta rufe, hayaƙin ya kama tufafi. Wajen ƙarfe tara ina shafa mai ta shigo da sallama, cikin doguwar rigarta ta gida da safa, kaskon yana ta tashin turaren Maiduguri da Hajiya Yagana ta aiko mata.

"Auta, matsa min. Anjima Yagana za ta turo Fu'ad da saƙo, ki saka leshin nan mai ruwan zuma."

Ta kama hannun sif ɗin.

Ku tsaya ku ji abin da shaiɗan ya raɗa min a wannan ɗan lokacin. Ya ce yi shiru. Ba za ta leƙa ba. Hayaƙin ya gama da su, gobe ki zubar, ki ce wa Kamil sanyi ne ya yi yawa, asirinki a rufe. Wallahi na saurare shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai na tuna mutumin nan tsaye cikin riga ɗaya yana karkarwa.

"Umma, kar ki saka!"

Ta tsaya da kasko a hannu. "Ke lafiyarki?"

"Akwai... akwai amana a ciki."

Ta kai kaskon waje ta ajiye, ta dawo ta yaye abayoyin, ta jawo roba ɗaya tsakar ɗaki ta ɓalle murfin. Na toshe kunne na runtse ido ina jiran salati da ihu. Shiru. Na buɗe ido na leƙa. Dusar ba ta motsi. Suna kwance birjik a samanta, a miƙe, a sandare, babu wannan sautin. Na taɓa shimfiɗar na ji ta sanyi ƙalau, na bi wayar da ido na gan ta yashe a bayan gado.

Na zube a wurin na fashe da kuka. Cikin kukan na faɗi komai, da ƙadangarun, da Batha, da Dammam, da shekara biyun. "Na kashe masa su, Umma. Ya ba ni amana na kashe."

Ban san lokacin da ta cire awarwaronta ba, ƙararsa kawai na ji a kan madubi. Ta naɗe hannun riga. Sai Hajiya Rabi, wadda ba ta cin tumatirin da ta ga ɗigon baƙi a jikinsa, ta tsoma hannu cikin robar ta ɗauko tsutsa ɗaya ta ɗora a tafinta. Ta juya ta da ɗan yatsa. Ta kai ta kusa da baki ta hura mata numfashi a hankali, sau uku.

"Ba ta yi baƙi ba, ba ta yi wari ba. Suma suka yi. Share hawayenki, ina sauran dusar?"

Na nuna mata ledar.

"Yalla, maza ɗauko min babban kaskon suya, busasshe. Da tsofaffin safar Babanku, duk ki kwaso. Ki buɗe tagar falo hayaƙin nan ya fita."

Na ce in kawo dafaya in kunna musu? Ta harare ni. "Ki gasa su ke nan. Abin da sanyi ya daskarar, a hankali ake dawo da shi."

Na tsaya a ƙofar kicin ina kallon ikon Allah. Ta zuba dusa a kasko, ta rage wuta can ƙasa, tana juyawa da hannunta, ba da cokali ba. Jim kaɗan ta ɗebo ta kai bayan hannu, ta kai kunci, kamar mai gwada ruwan wankan jariri. Ta ɗura a safa ta ƙulle baki, ta yi guda takwas. Ta jera robobin da tiren a kan katifata, ta kewaye su da safar, ba ta bari ko ɗaya ta hau kansu ba. Da kanta ta mayar da wayar soket, ta ce ita ta cire ita za ta mayar. Sannan ta ɗauko farwar Baba, wannan ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a ciki da ko mu ba ma taɓawa, ta lulluɓe su, ta bar 'yar kafa don iska.

Muka zauna a ƙasa, ita da carbi, ni da majina.

Na ce, "Umma, a ina kika iya wannan?"

Ta ajiye carbin. Sannan ta ce, "Ke kin ɗauka da zinare aka haife ni? A ƙauyenmu can bayan Gumel, zabi nake kiwo tun ban kai ki tsawo ba. 'Ya'yan zabi ba sa rayuwa sai da gara. Sai ki sami tsohuwar tukunya, ki cika ta da busasshen kashin shanu da karmami, ki yayyafa ruwa, ki kife ta a hanyar gara. Da safe ki ɗaga, ta cika maƙil. Da hannun nan nake kakkaɓe musu." Ta dubi tafinta. "In ruwan damina ya dake su kuwa, haka za ki gan su a miƙe kamar matattu. Toka mai ɗumi nake ƙullewa a tsumma in kewaye su a ƙwarya. Wasu har cikin zanina nake saka su. Da zabin nan aka yi min kayan ɗaki."

Shekara ashirin da huɗu ina kwana ina tashi da matar nan, ban taɓa jin kalmar zabo a bakinta ba sai a miya. Na dube ta kamar yau aka kawo min ita.

Sau biyu ta sake ɗumama safar. Baba ya leƙo zai tafi masallaci yana neman farwarsa, ta ce masa tana aiki, ya saka jaket. Ya dube ni, ya dube ta, ya ga ba fuska, ya wuce.

Ana kiran farko na sallar Juma'a ta ɗaga min hannu. "Yi shiru."

Da farko ban ji komai ba. Sai can ƙasa-ƙasa, daga ƙarƙashin farwar, yayyafin nan ya fara. Kaɗan, kamar mai jin kunya. Sannan ya ƙaru. Umma ta yaye farwar, muka ga dusar tana numfashi, waɗanda ke kwance a sama suna lanƙwasa, suna juyawa, suna nutsewa ciki ɗaya bayan ɗaya. Tsigar jikina ta tashi gaba ɗaya. Abin da na gani a sandare da idona, ga shi yana neman abinci. Ba duka ba, mun tsince wajen talatin da suka riga suka yi baƙi, amma sauran, ɗaruruwa, sun tashi.

"Allahu Akbar," in ji Umma. "Yanko musu karas ɗin."

Da na dawo na tarar ta ɗauki kofi ɗaya daga tiren ta ƙura masa ido. Ta yafito ni ba tare da ta ɗago ba. A ciki akwai wani abu fari a naɗe, ba tsutsa ba, ba ƙwaro ba, yana ta mutsu-mutsu. Bayansa ya tsage. Muna kallo, kanmu a haɗe, ƙafa ta fito siririya, wata ta biyo, ya yi ta fama yana hutawa, har ya zare jikinsa daga tsohuwar fatar ya bar ta a gefe kamar rigar da aka tuɓe. Ƙwaro ne, fari tas, jiƙaƙƙe, yana gwada ƙafafunsa. Ni da ko kyankyaso na gani sai na hau kujera, na tsinci kaina ina hawaye a kan ƙwaro. Na ji na ƙanƙance, na ji girman Wanda ya tsara wannan a cikin kofin yaji, cikin duhu, ba mai gani.

Umma ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Mai fitar da wannan daga wancan." Ta rufe kofin a hankali. "Shi yaron, shi kaɗai ya koyi ware su haka?"

"Shi kaɗai, Umma."

"Mai haƙurin wannan aikin zai iya riƙe mace."

Daɗi ya kama ni har na rungume ta. Ba ta rungume ni ba. Ta zare jikinta, ta tashi ta wanke hannu, ta mayar da awarwaronta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo. Ba ta ce Auta ba.

"Muhibba. Shi ya san kin ɓoye mana sana'arsa?"

Na sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake."

"Na ce masa kin sani. Na ce kin sa albarka."

Ta nuna robobin.

"Ni ban ga abin kunya a robobin nan ba. A ɗakin nan mutum ɗaya ce ta ji kunyarsu, kuma ba ni ba ce. Gobe in ya dawo, ki ce ya hawo sama ya ɗauki kayansa a falo, Babanku yana nan. Yagana kuma ni zan ji da ita. Amma ba zan karɓi godiyar abin da ban yi ba. Ko ki gaya masa da bakinki kafin ya taka benen nan, ko in gaya masa da nawa a gaban Babanku."

Ta fita ta ja min ƙofa.

Ko minti biyu ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Hoton Kamil ne a bakin teku, ya saka hular sanyi har gira, yana dariya.

"Juma'a mai albarka, ranki ya daɗe. Ya 'yan amanata?"

"Suna lafiya. Ɗaya ma ya fito, fari."

"Allahu Akbar! Kin gani da idonki? Na sayo wa Umma dabino mai kyau. Kin san me, Muhibba? Duk wadda na taɓa nema, daga jin sana'ata take canza fuska. Ke kaɗai ce ba ki taɓa jin kunyata ba."

Na rubuta "Kamil", na goge. Na rubuta "akwai maganar da", na goge. Yana gani ina rubutu ina fasawa, sai ga kiransa ya shigo. Wayar tana ta ruri a hannuna, ni kuma na san in na ɗaga, muryar da zai fara ji ta maƙaryaciya ce.

Na goge fuskata da bakin mayafi, na yi bismilla, na ɗaga.